Ƙwayoyin Marigayi Ilarion

A duk ƙauyenmu na bakin kogin Prut, Profira matar Gavril ce kaɗai ke karanta 'yar takardar nan da ake naɗewa a cusa cikin kwalin magani. Sauran jama'a wuta suke hurawa da ita, ko su ƙunshe irin kabewa. Ita kuwa sai ta maƙala tabarau, ta baje takardar a kan tebur, ta bi ta layi-layi da yatsa, leɓe na motsi, ka rantse wasiyyar ubanta aka kawo mata.

Ba da wannan hali aka haife ta ba. A gonar tabar gwamnati ta yi ƙuruciyarta, zamanin da gona da shanu da tarakta duk na hukuma ne. Can ta gamu da Gavril direban tarakta, mai dogon hanci da dogon zance. Ya ce yana sonta, ta ce ya je ya wanke wuyansa tukuna. Ya wanke, aka yi biki. Suka haifi maza biyu, yaran suka girma suka shiga duniya kamar 'ya'yan kowa. Da gonar ta rushe, matan Moldova suka fara bin motocin Italiya ɗaya bayan ɗaya, Profira ta bi sahu tana da shekara arba'in da huɗu. Shekara goma sha shida ta yi tana renon tsofaffin wasu mutane: ta yi musu wanka, ta ba su abinci a baki, ta ba su magani. Ta ƙarshensu wata tsohuwa ce mai masifa, mai shan ƙwaya goma sha ɗaya a rana, wadda likita ya ce ba za ta kai baɗi ba. Profira ta riƙe ta shekara bakwai, har 'ya'yan tsohuwar suka fara yi mata kallon tuhuma.

A can ta koyi cewa magani yana da lokacinsa, yana kuma da abokan gaba, akwai ƙwayoyin da ba a haɗa su a ciki ɗaya. Ta dawo gida da ciwon baya, da agogon bango, da wani akwatin roba mai ɗakuna-ɗakuna, kowace rana da layinta.

Ta dawo a kan gaɓa, domin a shekarar ne zuciyar Gavril ta fara tsalle-tsalle kamar ɗan akuya. Likitan babban gari ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini, don kada jinin ya dunƙule ya hau kai ya shanye masa ɓarin jiki. Ya kuma ja masa kunne: in gwiwa ta dame shi, farasitamol kaɗai. Sauran magungunan ciwon gaɓoɓi in suka haɗu da na tsinka jini, cikinsa za su ɓula, jinin kuma ba zai tsaya ba. Gavril ya gyaɗa kai yana kallon ma'aikaciyar da ke share taga. Profira ce ta ji.

Shekara biyu ƙarfe takwas ba ta taɓa bugawa ba face tana tsaye a kansa da kofin ruwa.

"Ga likitar Italiya nan ta iso," sai ya ce. "In buɗe baki ne, ko in cire wando?"

"Haɗiye, tsoho. Ɗaga harshe in gani."

"Wannan farasitamol ɗin naki fa alli ne. Gwiwata dariya take masa."

"To ku yi dariyar tare, kana da rai dai."

Ana nan sai Ilarion maƙwabcinsu ya rasu. Shinge ɗaya ya raba gidajen, kuma shi da matarsa Varvara ne suka riƙe ɗan farin Profira a coci ran baftisma, don haka kumatru da kumatra suke kiran juna, zumuncin da ya fi na wasu 'yan ɗaki ɗaya ƙarfi. Ilarion da Gavril tare suka tsufa, tare suke ɗingishi, ɗaya da hagu ɗaya da dama, in sun jero a hanya ka ce ƙofa mai murfi biyu ce iska ke kaɗawa.

Ran sadakar arba'in Varvara ta cika tebur da kabeji naɗaɗɗe da cuku da giyar inabin gida. Da aka ci aka ƙoshi, sai aka zo rabon kayan mamaci. Kaya irin waɗannan ba a barinsu a akwati, domin abin da mai rai ya mora a nan shi mamaci ke mora a can. Ka sa takalminsa, ya daina tafiya ba takalmi. Ka sha ruwa da kofinsa, ƙishirwa ta sake shi. Wanda aka miƙa wa kuwa ba ya cewa a'a, hannu biyu yake sawa ya ce bogdaproste, wato Allah ya gafarta wa mamaci.

Gavril ne mai irin jikin marigayin, saboda haka shi aka kira. Varvara ta miƙo masa burodi da kyandir a kunne, da tawul, da hula, da baƙar kwat ɗin Ilarion ta zuwa coci. Sannan ta sunkuya ta ɗauko wani kwalin takalmi ɗaure da zare, yana kacau-kacau.

"Kumatru, wannan na gwiwa ne," in ji ta, tana share hawaye da bakin ɗankwali. "Ko rabi bai sha ba Allah ya kira shi. Masu ruwan ɗorawar nan su ne ya fi so."

Profira ta kai wa mijinta hauri ta ƙarƙashin tebur, ta kuwa samu gwiwar mai ciwo. Gavril ya ƙwala "Bogdaproste!" da ƙarfin da ya sa tsofaffin mata suka yi alamar gicciye, suna cewa ashe haka yake son abokinsa.

Suna shiga gida ta fizge kwalin. Ta zazzage shi a tebur: wasu a kwali, wasu tsirara, wasu sun wuce lokacinsu tun Ilarion na da haƙora. Masu ruwan ɗorawar su ne suka fi yawa. Ta sa tabarau ta karanta sunan. Su ne dai waɗanda likita ya hana, irin waɗanda kowa ke saya a kantin magani ba tare da takarda ba.

"Sadaka ce, tsohuwa," in ji Gavril.

"Guba ce, tsoho."

"Ilarion ya sha shekara shida."

"Ilarion ba ya shan na tsinka jini. Kai kana sha. Wannan da wancan in suka gamu a cikinka, rami za su haƙa."

"Cikin da ya ɗauki girkinki shekara arba'in?"

Ta kwashe su ta nufi murhu. Ta buɗe ƙofar murhun, zafin wuta ya dake ta a fuska, sai hannunta ya tsaya. Shekara goma sha shida a Italiya ba su cire mata abin da kakarta ta sa mata ba. Wa ya taɓa jin an ƙona sadakar mamaci, kyandir ɗinta ma bai gama ci ba? Ta daɗe a durƙushe, daga baya ta rufe murhun, ta kai kwalin cikin akwatin aurenta ta sa kwaɗo, ta rataya makullin a wuya. Ta manta mutumin da ta aura ya taɓa kwance injin tarakta da cokali da guntun waya.

Bayan kwana uku Varvara ta leƙo ta kan shinge, idanu sun kumbura.

"Kumatra, na ga Ilarion a mafarki. Hanya doguwa, ba bishiya ko ɗaya, yana jan ƙafa. Kwat ɗin na jikinsa, hular na kansa, amma yana jan ƙafa. Ya ce mini, Varvara, na baro magani a gida. Kumatru bai fara sha ba ne?"

Profira ta ajiye bokitin kaji ta yi mata bayani a hankali, tun daga zuciya har zuwa ciki, tana zanawa da yatsa a kan katakon shinge. Varvara ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce:

"Ni ban yi Italiya ba, ban san waɗannan ba. Na dai san mijina na ɗingishi a inda ba ni da hannun da zan kama shi. Ke naki yana gabanki, kina dafa masa."

"So nake ya ci gaba da zama a gabana."

"To wa ya ce zai tafi? Ƙwaya ce 'yar mitsitsiya, ba gatari ba."

Daga ranar kullum safiya Varvara sai ta jira Profira ta tafi rijiya, ta kira Gavril bakin shinge ta tambaye shi labarin gwiwa. Ba da mugunta take yi ba, da da mugunta ne da Profira ta san yadda za ta yi da ita.

Ran Talata Profira ta tare Zinaida, nas ɗin da ke zagaya ƙauyuka uku a kan keke. Zinaida ta shigo ta gwada jinin Gavril, ta yi masa faɗa minti goma cif. Ya dafa ƙirji ya rantse ko ƙanshin ƙwayoyin bai ji ba, ya kuma yaba sabon gyaran gashinta. Profira ta buɗe akwati ta miƙa mata kwalin ta ce ta tafi da shi, ai bayarwa ba ƙonawa ba ce. Zinaida ta kwance zaren ta duba. Na hawan jini na nan, na tari na nan, har da na basir. Masu ruwan ɗorawa ko ɗaya babu.

"Ina suke, Baba Gavril?"

"'Yata, gidan nan akwai ɓeraye. Na ma ga wani jiya yana gudu, ko ɗingishi ba ya yi."

Zinaida ta dubi agogo, tana da mai naƙuda a ƙauyen gaba. Ta ce wa Profira ta sa ido, ta hau kekenta.

Profira ta sa ido. Ta zazzage katifa, ta leƙa bayan gangar giya a ɗakin ƙasa, ta sa hannu cikin buhun masara har kafaɗa, ta duba akurkin kaji da cikin tsohon rediyo. Ba ta samu komai ba sai wani ɗan kunnenta da ya ɓata tun zamanin gonar taba.

Ta je wajen Fada Serafim. Ya saurare ta yana shafa gemu, ya ce sadaka niyya ce, kuma a iya karatunsa Ilarion ba shi da gwiwa yanzu. Ya yi alkawari zai yi magana. Ran Lahadi ya yi huɗuba mai tsawo a kan biyayya ga masu ilmi, bai ambaci gwiwa ba, bai ambaci ƙwaya ba, don kada a kunyata gwauruwa. Varvara na sahun gaba tana gyaɗa kai, tana hararar Profira.

Abin da ya fi ci wa Profira rai shi ne maganin yana aiki. Cikin mako biyu Gavril ya jingine sanda. Ya hau tsani ya gyara rufin rumbu. A bikin jikar mai niƙa ya shiga fili sanye da kwat ɗin marigayi, ya taka rawa har makaɗa suka nemi hutu. Varvara ta zo da fara'a ta ce ta sake mafarki, Ilarion na tafe yana taƙama kamar ango. Matan unguwa suka samu abin yi a bakin rijiya.

"Likita, ina kwana? Mun ga majinyacinki jiya a kan tsani."

"Shekara biyu tana ba shi na Italiya yana rarrafe, mamaci ya ba shi na mako biyu ya miƙe."

"Ko dai ta fi son sa a zaune ne, ya fi sauƙin tsaro?"

Ta yi musu murmushi ta ɗauki ruwanta. Ita kaɗai ta san kowane takun rawar nan ƙwaya ce. Ta roƙe shi, ta zage shi, ta daina yi masa magana kwana biyu, ya ce bai taɓa samun hutu irin wannan ba tun da ta dawo. Ta kira babban ɗansu a waya, yana kan gini a Jamus, ana ta ƙarar inji a bayansa. Ya ce, "Mama, in Baba na jin daɗin ƙafarsa ki ƙyale shi mana," layin ya yanke.

Ƙarfe takwas kuma ta zame mata azaba. Ta tsaya da ƙwayar tsinka jini a tafin hannu tana kallonta. In ta ba shi, da hannunta ta kai wa masu ruwan ɗorawa abokin haƙa rami. In ta hana shi, jinin ya dunƙule ya hau kai. Babu takardar da ta taɓa karantawa da ta faɗi abin da mace za ta yi da miji mai ƙarya. Wata safiya ta mayar da ƙwayar cikin akwati, ta fita tsakar gida, ta dawo da sauri ta ɗauko ta ta ba shi. Ya haɗiye ya ɗaga harshe tun ba ta tambaya ba.

Alamun suka fara zuwa kamar yadda takardar ta jera su. Ya gatsi tuffa ya bar jini a jikinta. Ƙofa ta ɗan buge shi, jini ya kwanta a damtsensa faɗin tafin hannu. Ya fara ture tuwon masara yana cewa cikinsa na ɗan zafi. Leɓensa ya yi fari. Wata rana ta jira ya fito daga bayan gida ta leƙa da tocila, abin da ba ta taɓa zaton aure zai kai ta ba. Baƙi ƙirin kamar kwalta.

"Tsoho, jini ne ke zuba a cikinka. Motar ƙarfe tara za mu bi zuwa asibiti."

"Inabi na ci jiya, baƙin nan."

"Gavril."

Ya ɗago, domin ta yi shekaru ba ta kira sunansa ba. Ya dube ta, har ta sa rai. Sai ya ce, "A gama tsinkar inabi tukuna. Kwana uku ne. In ruwa ya sauko a kansa, shekarar ta tafi a banza." Ya ɗauki kwando ya fita. Da tsohuwar nan ta Italiya ce, da ta ɗaga waya kawai an zo an ɗauke ta. Wannan nata ne, ya fi ta ƙarfi, kuma gidan sunansa ke jiki. Ta kira Zinaida, wayar a kashe. Ta ɗauki nata kwandon ta bi shi, tana tsinka tana kallon ƙeyarsa.

Bai kai kwana ukun ba. Washegari da hantsi, a layi na huɗu, ya ajiye kwando ya ce bari ya ɗan zauna. Ya zauna, ya yi amai mai kama da jiƙaƙƙen garin kofi, ya kwanta a hankali a tsakanin kurangar inabi kamar mai neman inuwa. Motar asibiti ta yi minti hamsin kafin ta zo. Profira ta ɗora kansa a cinyarta tana kirga bugun jijiyarsa, tana sane da abin da kowane bugu ke nufi, ba ta da abin da za ta yi masa sai korar ƙuda.

A asibitin babban gari, da suka zo cire masa kwat, sai wani abu ya yi ƙaras-ƙaras. Ma'aikaciyar ta sa hannu a aljihun ciki ta zaro takardun ƙwayoyi, fanko a kan fanko, da saura biyu da ba a taɓa ba. Profira ta juye gidan nan kaf, amma ko sau ɗaya bai zo mata a rai ta sa hannu a aljihun mamaci ba. Kwat ɗin na rataye a bayan ƙofa, kullum sai ta goge mata ƙura.

Likitar yarinya ce, ba ta kai ƙaramin ɗan Profira ba. Ta fito tana kaɗa takardun.

"Ke ce matarsa? Kin san yana shan na tsinka jini?"

"Ni ke ba shi."

"To kuma kika bari yana haɗawa da wannan? Inna, ba kwa karanta takardar da ke cikin kwali ne? Don ku ake rubuta ta fa."

Profira ta dubi takardun da ke hannun likitar. Ta ce, "Ki yi haƙuri, likita."

Leda huɗu na jini aka ƙara masa, aka zura masa roba ta maƙogwaro aka ƙone bakin ramin. Ya rayu. Ran sallama likitar ta zaunar da su ta faɗa musu yadda abin yake. Za a dakatar da maganin tsinka jini mako uku, sai ciki ya warke, domin in an ba shi yanzu ramin zai sake buɗewa. A cikin makon ukun nan kuwa babu abin da ke tsare kansa daga dunƙulen jini. Profira ta tambaya me za ta yi. Likitar ta ce ta riƙa duba fuskarsa: in baki ya karkace, ko hannu ya ƙi ɗaguwa, ko magana ta sarƙe, ta kira mota nan take. Profira ta tuna minti hamsin ɗin da motar ta yi kafin ta zo.

Varvara ta zo da romon kaza a tukunya, ta zauna a bakin gado tana kuka, ta ce ita tun farko ba ta yarda da maganin nan na tsinka jini ba, mutum lafiyayye a riƙa mai da masa jini ruwa. Profira ta karɓi tukunyar ta yi godiya, ta raka ta har bakin shinge.

Gwiwar ta dawo da fushin kwanakin da aka hana ta magana. Gavril ya rame, hancin ya ƙara tsawo. Yana zama a benci a ƙofar ɗaki ya miƙe ƙafa yana nishi, inabin da ba a tsinka ba na ruɓewa a gona, zanzaro na biki. Profira ba ta iya nisa da shi. Tana tsakiyar wanke-wanke sai ta taho da kumfa a hannu.

"Yi murmushi."

"Da me zan yi murmushi, tsohuwa?"

"Yi dai. Ɗaga hannu. Duka biyun. Faɗi sunana."

Ya washe baki, ya ɗaga hannu sama kamar sojan da aka kama, masu wucewa na leƙe ta kan shinge. "Profira 'yar Nikita, mai gadin fursuna. Na ci jarrabawa?"

Ta dubi kusurwar bakinsa ta hagu, ta dubi ta dama. Ta sake duban ta hagu. Daidai suke, ko kuma kusan daidai, ta kasa tuna yadda suke a da.

"Ka ci. Sauke."

Ya sauke hannun ya kama gwiwa da su. Ya ce da ƙaramar murya, ba wasa a cikinta, "Tana cina, Profira. Ko rabin guda babu?"

Ta shiga ɗaki ta ɗauko farasitamol da ruwa. Ya dubi ƙwayar, ya dube ta, ya haɗiye. Ta koma bakin kwanonin ta tsoma hannu a ruwan da ya riga ya huce. Saura kwana goma sha tara. Ba ta gama wanke kofi biyu ba ta ji ya yi shiru da yawa, ta sake tahowa.